Tsakuwar Maɗaciya da Matsalar Suna a Ƙasar Daura

Maɗaciya, wadda wasu ke kira matsarmama, 'yar jaka ce a ƙarƙashin hanta, mai tara ruwan ɗacin da ke narkar da maiƙo. Idan tsakuwa ta samu a cikinta, cin kitse kan sa jakar ta matse, tsakuwar ta toshe mafita, sai ciwo ya turnuƙe ƙasan haƙarƙarin dama har ya haura kafaɗa.

A ƙasar Daura, inda man shanu, tsire da soyayyen naman layya ke da daraja a cima, ba wuya a laƙaba wa wannan ciwo sunan gyambon ciki, ko shawara idan ido ya yi rawaya. Sunan kuwa shi ke zaɓar magani: a yi ta shan jiƙo da tsimi, tsakuwa na nan daram. Masu amosanin jini sun fi shiga haɗari, domin yawan fashewar jajayen ƙwayoyin jininsu kan haifar da ita tun suna ƙanana.

Rage maiƙo na sassauta tashin ciwon, amma ba ya narkar da tsakuwa. Hoton ciki ke tabbatar da ita, tiyatar cire maɗaciya, wadda Langenbuch ya fara a Jamus a 1882, ke raba majinyaci da ita. Zazzaɓi haɗe da rawayar ido kuwa, ba a kwana da su a gida.