Iskar Gidan Tarihi da Tsohon Katako

Ko da an shekara ɗaruruwa da sare itace, katakonsa ba ya daina shan danshin iska da fitar da shi. In ya sha ya kumbura, in ya fitar ya tsuke, kamar yadda ƙofar katako kan cije da damina ta saki da hunturu. Abin ya fi muni a babban gungume, domin bayansa kan bushe tun cikinsa na jiƙe, sai ya tsage. Wanda ya daɗe a ruwa ko laka kuwa, sau da yawa ruwan ne ke riƙe da siffarsa.

Jirgin yaƙin Vasa na ƙasar Suwidin ya nuna haka ƙarara. Ya nutse a tashar Istokholm a 1628, aka tsamo shi a 1961, aka shafe shekara 17 ana fesa masa PEG, wani sinadari mai maiƙo da ke maye gurbin ruwa a cikin katako. An buɗe masa gidan tarihinsa a 1990, kamar an gama. Ashe da sauran rina a kaba. A shekarar 2000 an sha ruwan sama, maziyarta suka yi ta shigowa da jiƙaƙƙun kaya, danshin zauren ya haura, sai ga tabon gishiri fari da rawaya a jikin jirgin. Farar wutar da katakon ya tsotsa a gurɓataccen ruwan tashar ce ta fara rikiɗa zuwa asid, tsatsar ƙusoshi na ingiza ta. Hawa da saukar danshi ke jawo gishirin waje. A 2004 aka kafa sabbin na'urori masu tsayar da danshi tsakanin kashi 51 zuwa 59 cikin ɗari, zafi kuma digiri 18 zuwa 20. Daga baya aka sauya dubban ƙusoshi da waɗanda ba sa tsatsa.

Adadin da aka zaɓa bai kai tsayawarsa wuri ɗaya muhimmanci ba, kuma nan ne tsadar take: na'urar ba ta hutu dare da rana.

Kwalekwalen Dufuna na jihar Yobe, mai kimanin shekara 8,000 da tsawon fiye da mita 8, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, yana Damaturu, inda tazarar laimar Agusta da bushewar Janairu ta ninka abin da aka yarje wa zauren Vasa.