INTANET TA TAURARON ƊAN'ADAM: A AUNA KAFIN A SAYA

Tun daga watan Maris na shekarar 2025, lokacin da kamfanin Starlink ya fara aiki a Nijar bayan yarjejeniyar da ya ƙulla da hukuma a Yamai cikin watan Oktoba na 2024, maganar intanet ta tauraron ɗan'adam ta shiga kasuwannin ƙauye. Ta isa har ƙaramar hukumar Alasan Mairairai, cikin gundumar Mayahi ta jihar Maraɗi, inda wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa ba ta ratsa ƙauyuka ba. Irin wannan waya manyan hanyoyi take bi, kamar hanya mai lamba 1 wadda ta taso daga Maraɗi ta bi ta Tasawa zuwa Damagaram. Ƙauyen da ke nesa da hanya, cikin rairayi, sai ya dogara ga rezon salula, in akwai shi.

Bukata kuwa a fili take. Malamin asibiti yana son aika rahoton wata zuwa Mayahi ba tare da ya hau babur ba. Shugaban lakkwal yana son takardun jarrabawa. Mai wake da gyaɗa yana son jin farashin Tasawa kafin ya ɗaura wa amalanke kaya, iyali kuma suna son jin muryar ɗansu da ya tafi ci-rani Kano ko Agadas. To amma kuɗin da za a zuba ba kaɗan ba ne ga manomi, kuma wanda ya yi gaggawa zai wayi gari da faranti bisa soro, ba ya aiki.

Da farko a san cewa taurarin iri biyu ne. Akwai na nesa, masu tsayawa wuri guda a sama, kimanin kilomita dubu 36 daga ƙasa, irin Eutelsat Konnect da aka harba a 2020. Saƙo yakan ɗauki fiye da rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo, shi ya sa hira ta hoto take sarƙewa. Amma aika takarda ko rahoto ba ya gagara. Farantinsu sai gwani ya zo ya saita shi. Akwai kuma na kusa, masu gewaya duniya ba tsayawa: na Starlink suna kimanin kilomita 550, na OneWeb kimanin 1,200. A nan jinkirin bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. OneWeb ya fi hulɗa da kamfanoni da hukumomi, saboda haka mutum ɗaya ko ƙungiyar ƙauye Starlink za su fi samu a kusa.

Kafin a kai ga zaɓe, wajibi ne a gwada abin da ke hannu. In rezon Airtel ko Moov ko wani kamfanin gida yana kamawa bisa tudu ko bakin kasuwa, sau da yawa ƙaramar na'ura da eriya bisa dogon ƙarfe sun isa, da kuɗi kaɗan. Ba a sayen raƙumi don kayan da jaki zai ɗauka.

Abu na biyu shi ne wuta. Babban farantin Starlink yana cin wat 75 zuwa 100; in ya yi awa goma yana aiki, ya sha kusan kilowat-awa ɗaya ke nan a yini. Ƙaramin, mai suna Mini, yana cin wat 25 zuwa 40. A ƙauyen da wayar Nigelec ba ta kai ba, dole a lissafa kuɗin allon hasken rana da batir tare da kuɗin faranti, tun ranar farko. Rana dai ba baƙuwarmu ba ce: tun 1965 aka kafa ofishin ONERSOL don binciken amfani da ita, wanda marigayi Farfesa Abdu Mumuni ya daɗe yana shugabanta. Sai dai ƙurar hunturu tana rufe allo ta rage masa ƙarfi, zafin bazara kuma yana gajarta ran batir. A riƙa share allo, a ajiye batir cikin inuwa.

Na uku, wurin kafawa. Farantin yana son sarari, ba reshe ba bango tsakaninsa da sama. A lura da gawo: da damina yakan zubar da ganye, da rani ya tofo, don haka wurin da ya yi kyau a watan Agusta zai iya rufewa a Janairu. Ruwa mai ƙarfi yakan yanke layi na ɗan lokaci, iskar farkon damina kuwa tana tuge abin da ba a ɗaure da kyau ba.

Na huɗu, kuma shi ne ya fi nauyi: kuɗin wata. Faranti sau ɗaya ake saye, kuɗin aiki kuwa kowane wata ne, da kaka da bazara, har cikin watannin da rumbu ya yi ƙasa. Mun sha ganin famfon da aka buɗe da kiɗa da guɗa, bayan shekara biyu ya tsaya don ba a tanadi kuɗin gyara ba. Saboda haka ya fi kyau gidan likita, lakkwal da ƙungiyar manoma su haɗa kai bisa faranti ɗaya, su naɗa mai kula, su buɗe asusu, su rubuta abin da kowa zai zuba. In an tara kuɗin shekara tun da kaka, lokacin da hatsi ke hannu, an huta. A tuna kuma cewa Wi-Fi ba ya wuce ƴan gidaje; kai shi wata unguwa sai da ƙarin na'ura.

Na biyar, doka. A sayi kaya wurin dillalin da aka yarda da shi, a karɓi takarda, a tabbata an yi rajistar da sunan mai saye kuma da adireshin Nijar. Farantin da aka ƙetaro da shi daga wata ƙasa da sunan wani, ranar da ya lalace ko aka rufe shi, ba wanda za a kai wa kuka. Mai niyyar sayar wa jama'a layi kuwa, sana'a ce ta daban. Ya fara neman bayani wurin hukumar ARCEP, wadda ke kula da harkokin sadarwa.

Muna kira ga magajin gari, da masu gari, da shugabannin ƙungiyoyin mata da na samari, su zauna su tattauna waɗannan abubuwa biyar kafin a fitar da ko dala. Wanda ya zo talla, a tambaye shi wat nawa na'urarsa ke ci, nawa ne kuɗin wata, ta wace hanya za a biya daga ƙauye, wa zai zo in ta tsaya, kuma cikin kwana nawa. In ya amsa duka, a rubuta a sa hannu gaban shaidu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa abin ya amfani ƴaƴanmu.