Wayar da aka miƙa wa uwargida

A shekarar 1845 wani mai suna John Tawell ya kashe wata mace a kusa da garin Slough na Ingila, ya faɗa jirgin ƙasa zuwa Landan yana ganin ya tsira. Kafin jirgin ya isa tashar Paddington, siffarsa ta riga shi zuwa ta wayar tangaraho. Marubutan labarin binciken laifi sun ga abin, suka rungumi waya hannu bibbiyu.

Babu wanda ya more ta kamar Sherlock Holmes na Arthur Conan Doyle. A littafin farko, na 1887, waya guda da ya buga wa 'yan sandan Cleveland a Amurka ita ta kawo masa sunan wanda yake nema. A cikin Ingila kuwa abin da araha a lokacin: kalma 12 a kan sisi, sisin nan dai da kakanninmu suka kashe.

Sai dai ni inda Doyle ya fi burge ni shi ne inda wayar ta ci amanar gwaninsa. A The Hound of the Baskervilles, na 1902, wani mai baƙin gemu yana bin sawun Sir Henry a Landan, ga shi kuwa Barrymore, baran gidan Sir Henry da ke can ƙauye, gemunsa baƙi ne. Holmes ya sa aka buga masa waya, da sharaɗin a damƙa masa hannu da hannu. Amsa ta zo cewa Barrymore yana gida, zargi ya kwanta. Sai da Watson, abokin Holmes, ya taka da ƙafarsa har gidan waya ya ji yadda aka yi: yaron da aka aika, matar Barrymore ya tarar, ta ce maigidanta yana saman bene, ya miƙa mata ya juyo. Idonsa bai ga mutumin ba ko kaɗan.

Agatha Christie ta kai abin gaba a The Murder of Roger Ackroyd, na 1926, inda wata na'ura ta koma hannun mai laifi kacokan. Da ƙarfe tara da rabi na dare mutanen gida suka ji muryar maigidan daga bayan ƙofa, suka shaida yana raye. Ashe na'urar naɗar murya ce take magana, shi kuwa gawarsa tana zaune a kan kujera.