Wa Ya Cancanci Shiga Cibiyar Kwamfuta?

Ran Jumma'a 19 ga watan Yuli, 2024, ma'aikata a ƙasashe da dama suka isa ofis suka tarar kwamfutocinsu sun ƙi tashi. Aka soke tashin dubban jiragen sama, asibitoci suka ɗage tiyata, harkokin wasu bankuna suka tsaya cik. Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8 da rabi masu aiki da Windows ne abin ya shafa. Ba kuwa aikin ɓarayi ko abokan gaba ba ne. Kuskure ne na kamfanin CrowdStrike na Amurka, wanda sana'arsa ita ce tsaron kwamfuta.

Kafin a gane yadda haka ta auku, sai an san cewa kowace kwamfuta tana da babbar manhaja mai tafiyar da ita, wadda a tsakiyarta akwai wani sashe da za a iya kira cibiya. Cibiyar nan ita ke rabon ma'ajiyar bayanai, ita ke ba kowace manhaja lokacin aikinta. Misalinta kamar baitulmali ne: mai bukata yakan tsaya bakin taga ya miƙa takardarsa, ma'aji ya duba, sa'an nan ya biya shi. Idan manhajar da ke waje ta yi kuskure, ita kaɗai ke faɗuwa. Amma wadda aka shigar ciki, in ta yi tuntuɓe, da kwamfutar duka za ta faɗi.

Manhajar CrowdStrike a ciki take zaune. A ranar, kamfanin ya aika mata da sabon umarni wanda ya sa ta nemi abu na 21 a cikin jerin da abubuwa 20 kaɗai ke cikinsa, watau ta kai hannu inda babu kome. Bayan minti 78 aka janye umarnin, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Tilas ma'aikata suka riƙa bin na'urori ɗaya bayan ɗaya suna share fayil ɗin da hannu.

Masu goyon bayan a buɗe ƙofa suna da hujja. Sun ce mai gadin da aka tsare a waje ba zai ga ɓarawon da ya riga ya shige ba. Bugu da ƙari, in maigidan kaɗai ke da mabuɗi, zai danne masu gasa da shi a kasuwa. Saboda haka ne a 2006 kamfanonin Symantec da McAfee suka yi ƙorafi sa'ad da Microsoft ya nemi toshe cibiyar Windows Vista. Bayan hatsarin 2024 kuma, Microsoft ya ce yarjejeniyar da ya ƙulla da Hukumar Tarayyar Turai a 2009 ita ta wajabta masa barin ƙofar a buɗe.

Sai dai akwai waɗanda suka bi wata hanya. Tun 2019 kamfanin Apple ya fara fitar da irin waɗannan manhajoji daga cibiya, ya yi musu tagar da za su ga abin da ke gudana ba tare da sun shiga ba. Masu Linux kuwa, daga 2014, suka ƙirƙiro tsarin eBPF, inda wani mai bincike ke tantance kowace 'yar manhaja, ya tabbata ba za ta taɓa abin da ba nata ba, kafin a yarda ta shiga. A 2025 Microsoft ma ya fara gwajin tsarin da zai bar manhajojin tsaro su yi aiki daga waje.

Darasin da ke nan ga ma'aikatan da ke sayen kayan aiki da ɗaliban da ke koyon wannan fanni shi ne, gani daban, taɓawa daban. Ya kamata a bar manhaja ta ga abin da aikinta ke bukata, amma duk wadda za ta sa hannu a cibiya, lalle ne a bincike ta tukuna, kuma a gwada kowane sabon umarni a kan na'urori kaɗan kafin a watsa shi ga sauran. Rigakafi dai ya fi magani.