Ciwon Damuwa Bayan Haihuwa: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Ba a wasa da jego a ƙasar Hausa. Safe da yamma ana hura wutar ruwan wanka, a dama kunun kanwa, a gasa nama a barbaɗa yaji, a sa wata dattijuwa ta zauna da mai jego har a yi arba'in. In haihuwar fari ce ma, sau da yawa gidan iyayenta take tafiya wanka. Amma duk wannan hidima jiki ake yi wa. Za a duba ko ruwan nono ya zo, ko jini ya tsaya, ko cibiyar jariri ta faɗi, da wuya a sami wanda zai zaunar da ita ya tambaye ta abin da yake ranta. A nan ne wani ciwo yake samun maɓoya, wanda likitoci suke kira ciwon damuwa na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 13 cikin 100 na masu jego a duniya suna fama da larurar ƙwaƙwalwa, akasari wannan ciwo, kuma a ƙasashe masu tasowa adadin ya kusa kashi 20. Wato mace ɗaya cikin biyar.

Ba kowane kukan mai jego ne ciwo ba. Da mabiyiya ta fita, sinadaran da suka riƙe cikin wata tara suna sauka cikin 'yan kwanaki, ga gajiyar naƙuda, ga rashin barci. Shi ya sa mata da yawa, a kwana na uku ko na huɗu, sukan sami kansu suna kuka ba dalili ko saurin fushi. Wannan yakan wuce da kansa kafin mako biyu. Wanda ya zarce mako biyu, yana ƙaruwa maimakon raguwa, shi ne abin lura. Mace ta daina jin daɗin komai, abinci ya fita ranta, jariri ya yi barci ita idonta biyu, gabanta yana faɗuwa, tana ganin ba ta iya raino ba, yaron ya fi ƙarfinta. Wata har takan ji gara a ce babu ita. Yana iya farawa tun tana da ciki, yana kuma iya bayyana watanni bayan suna, lokacin da 'yan barka suka watse, mai wanka ta koma gidanta, aikin gida ya dawo kanta ita kaɗai.

Abu biyu suna ɓoye shi a wajenmu. Na farko, mace ba ta cika cewa tana baƙin ciki ba. Za ta ce kanta yana sarawa, jikinta ya mutu, ƙirjinta ya yi nauyi. Sai a yi ta ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifod, ba sauƙi. Na biyu shi ne kunya. An san uwa tana kawar da kai daga ɗan fari a gaban mutane, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, kuma yabonta ake yi a kan haka. To wadda ciwo ya raba zuciyarta da jaririnta, a ido iri ɗaya suke da mai kara. Bambancin yana fitowa ne in ɗaki ya zama daga ita sai shi: mai kunya za ta rungume abinta, mai ciwo kuwa yana kuka tana kallon bango. In ta yi ƙarfin hali ta faɗa, amsar da take samu ita ce ta gode wa Allah, wasu nema suke ba su samu ba. Wannan magana tana yi mini ciwo, domin matar ba butulci ta yi ba, kuma abin da aka ƙara mata shi ne ganin laifin kanta, wanda dama shi yake cinta.

Kowace mace tana iya kamuwa, amma ya fi kama wadda ta taɓa yin ciwon damuwa, da wadda ake duka ko wulaƙantawa a gidan aure, da mai fama da rashi, da wadda ta sha wuyar haihuwa ko ɗan ya koma, da yarinyar da ta haihu da ƙuruciya. Ƙarancin jini ma yana kawo kasala mai kama da shi, don haka yana da kyau a auna. Gano ciwon damuwar ba ya buƙatar na'ura. Tun 1987 John Cox da abokan aikinsa suka fitar da ma'aunin Edinbura, tambayoyi 10 a kan yadda mace ta ji a kwana bakwai da suka wuce, wanda unguwarzoma ta asibiti za ta iya yi cikin 'yan mintuna ranar da aka kawo yaro rigakafi.

Ana warkewa, kuma ba lallai sai an ga babban likitan ƙwaƙwalwa ba. An gwada wannan a ƙauyukan Rawalpindi da ke Pakistan, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Atif Rahman. An ɗauki ma'aikatan lafiya mata da dama can suke bin gida gida, aka koya musu wata hanyar magani ta tattaunawa, suka riƙa ziyartar matan da aka gano suna da ciwon tun daga ƙarshen ciki har yaro ya kai wata goma. Ma'aikaciyar takan saurari matar, sannan ta taimaka mata ta kama tunanin da yake danne ta, misali cewa ita ba uwar kirki ba ce. Sai su auna shi tare: wa ya tashi cikin dare ya ba jaririn nono, wa ya kai shi asibiti da ya yi zazzaɓi? Daga nan su sa wani tunani mai gaskiya a madadinsa, su kuma yanke ƙaramin aiki da za ta yi kafin ziyara ta gaba, kamar cin abinci a kan lokaci, ko hutawa in yaro ya yi barci, ko fita gidan maƙwabciya. Ana amfani da hotuna saboda waɗanda ba su yi karatu ba. Dabarar da ta fi burge ni ita ce yadda suka shiga gidajen da maganar lafiyar jariri, abin da miji da uwar miji ba za su ƙi ba, ta haka aka jawo su cikin kula da uwar.

An wallafa sakamakon a mujallar Lancet a 2008. Cikin mata 903 da aka bi, bayan wata shida da haihuwa kashi 23 ne kawai na waɗanda aka yi wa wannan magani suke da sauran ciwon, alhali a rukunin da ba a yi wa ba kashi 53 ne. 'Ya'yan waɗanda aka yi wa maganin ma sun fi samun cikakken rigakafi, gudawa ta yi musu sauƙi. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin a matsayin littafin jagora ga ƙasashe. A Najeriya ma, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya gwada horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci a jihar Oyo su kula da masu ciki da masu jego da suke da wannan ciwo.

In ciwon ya yi tsanani akwai ƙwayoyi, kuma cikinsu akwai waɗanda mai shayarwa za ta sha ba sai ta yaye ba. Sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, ba a kuma daina su rana ɗaya. Likita ne zai rubuta, kada a je kemis a karɓo maganin barci. Addu'a da magani ba sa karo, ana haɗa su.

Akwai wani nau'i dabam da ba ya jira, wanda yake samun mace ɗaya ko biyu cikin 1,000, yawanci a makonni biyun farko. Mai jego ta rikice, ta kwana ba barci, tana surutai, tana jin muryoyi, ko ta ce jaririn ba nata ba ne ko wani zai cutar da shi. Shi ne aka fi cewa iska ce ta shige ta a jego, a ɗaure ta a ɗaki ana turare kwanaki suna tafiya. Wannan larura ce ta gaggawa, kuma tana jin magani sosai. Haka duk mai jegon da ta ambaci kashe kanta. Kada a bar ta ita kaɗai, kada a bar ta da jaririn ba kowa, a kai ta asibiti a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, ga sashen masu wannan larura a asibitocin koyarwa. In sun yi nisa, a fara da asibiti mafi kusa su tura ta gaba.