Shanun haɗaka da ɗakin mako guda

A ƙauyukan da ke tsakanin Boɗinga da Shagari ba kowane gida ke da shanun huɗa ba. Bijimai biyu da garma da karkiya kuɗi ne mai kauri, kuma aikin da ake nema daga gare su bai wuce 'yan makonni ba a shekara. Shi ya sa wasu kan haɗa hannu, mutum uku ko huɗu, su saya tare, a ɗaure shanun gidan wanda ya fi faɗin turke, a tsara kwanaki: yau gonar wane, gobe ta wane. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan haɗaka, ko ya zauna kusa da masu yin ta, ya riga ya san rabin abin da ake bukata kafin a yanke shawara kan wani ciniki da ya zo mana daga nesa, wato sayen mako a masaukin hutu.

Ga yadda cinikin yake. Kamfani ya gina masauki a bakin teku ko kusa da wurin da mutane ke tururuwar zuwa. Maimakon ya sayar maka da ɗaki ɗungurungum, sai ya yanka shekarar ɗakin zuwa makonni, ya sayar wa kowa nasa. Ka biya kuɗi mai yawa sau ɗaya, ko a raba maka biyan da kuɗin ruwa a kai, sannan kowace shekara ka biya kuɗin kula da gini. A Turai abin ya faro cikin shekarun 1960. Kamfanin Hapimag na Suwizalan, wanda aka kafa a 1963, yana cikin na farko. Daga baya aka sami kamfanonin musayar mako kamar RCI a 1974, sannan Disney ya shigo a 1991 da tsarin maki, inda ba takamaiman mako kake saya ba, maki ne kake kashewa gwargwadon lokaci da girman ɗaki.

Kada a ce wannan zancen Turawa ne kawai. Ya iso har ƙofar Harami. A 2003 kamfanin Munshaat na Kuwait ya fitar da takardun mallakar amfani na dogon ginin Zamzam da ke Makka, na kimanin dala miliyan 390. Mai takarda yana da ikon kwana a ɗaki na wasu ranaku a kowace shekara har shekara 24, kuma farashi ya danganta da lokaci da kuma ko tagar ɗakin na kallon Ka'aba. Goman ƙarshe na azumi daban, watan da babu cunkoso daban. Mutanenmu da ke tashi daga filin jirgin Sultan Abubakar III, wanda ke nan kan hanyar Sakkwato zuwa Boɗinga, zuwa Umra ko fatauci a Dubai, su ne irin waɗanda ake tara da wannan talla, ko a zauren otal ko ta waya.

Wadda ta fi ba ni tunani ita ce macen da ke riƙe da ɗa guda ita kaɗai. Malamar makaranta ce ko ma'aikaciyar asibiti ko mai sana'ar kayan mata, mijinta ya rasu ko aure ya mutu, kuma wani kuɗi ya shigo hannunta a dunƙule: haƙƙin aikin mamaci, ko rabon gado, ko kwasar adashi. Tana son yaron nan ya ga duniya, kada ya tashi yana jin an rage shi da wani abu don babu uba a gida. Dillalin masaukin ya san wannan sarai. Abin da zai ce mata bai wuce, "Hajiya, ai gata za ki yi wa yaro. Kowace shekara ɗakinku na jiran ku, ba ruwanki da tashin farashi." Haka lamarin yake ga magidancin da matarsa ta rasu ta bar masa 'ya, sai dai shi bai cika daɗewa shi kaɗai ba.

To mu koma turke. Abu na farko da haɗakar shanu ke koya wa mutum shi ne kowa rana ɗaya yake son su. Da rani ga su nan a tsaye suna tuƙa, ba mai tambaya. Ranar da aka yi ruwa mai nauyi cikin dare, ƙasa ta jiƙa ta yi laushi, da asuba mutum huɗu ne a ƙofar gida, kowa da igiya a zuciyarsa. Wanda layi ya zo kansa bayan kwana biyar zai tarar da ƙasar ta sha iska, a jigawa irin tamu mai yashi kuwa laima ba ta jira. A masaukin hutu ma haka ne. Mai ɗa a makaranta ba shi ke zaɓar lokacin tafiya ba, makaranta ke zaɓa masa: dogon hutun Agusta, da ɗan hutun Disamba, da na wajen Afrilu. A lokutan nan ne duk masu yara ke neman ɗaki, a nan makin ke tsada, a nan ake cewa wuri ya cika. A tsarin Disney, alal misali, ana buɗe wa mutum damar kama ɗaki a masaukinsa wata 11 kafin tafiya, a sauran masaukai wata 7. Uwar da ba ta da tabbacin ko za a ba ta hutun aiki, ko wa zai zauna mata a shago, ina ta ga ikon yanke ranar tafiya shekara guda kafin lokaci?

Na Makka kuma yana da nasa ƙullin. In kwanakin azumi ta saya, azumi matsowa yake da kwana 10 ko 11 kowace shekara, kalandar makaranta kuwa tana nan inda take. Azumin 2025 a watan Maris ya faɗo, ana tsakiyar zangon karatu na biyu. Ko dai a cire yaro daga aji, ko a bar ɗakin.

Abu na biyu ya fi nauyi, kuma shi ne dillali ke bi ta kansa da sauri. Sa bai san an gama huɗa ba. Daga kaka har bazara ci yake: harawa, dusa, kowa, kara, ga kanwa, ga ruwa safe da yamma, ga maganin tsutsa, ga allura. Watan Afrilu da Mayu, lokacin da damin harawa ya yi tsadar da mai shi ke kallon ka kafin ya faɗi kuɗi, a nan ake sanin wanda ya shiga haɗaka da shiri da wanda ya shiga don a ce yana ciki. Kuɗin kula da gini shi ne harawar wannan ciniki. Ka je ko ba ka je ba za ka biya, kuma kusan kowace shekara ƙaruwa yake. A Amurka matsakaicinsa ya haura dala 1,000 a shekara, bayan kuɗin saye da matsakaicinsa ya wuce dala 20,000. In aka ga rufin ginin na bukatar sauyi, ko guguwa ta yi ɓarna, akan aiko da wani lissafi na musamman a kai.

Yanzu a juya wannan zuwa naira. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati; kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta wuce naira 1,500. Dala 1,000 ɗin da take naira 460,000 ta koma miliyan ɗaya da rabi, ba tare da ɗakin ya ƙara ko taga ɗaya ba. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, in ka tara shi wata 12, naira 840,000 ne. Ba a yi zancen tikitin jirgi na mutum biyu ba, ba a yi na biza ba, ba a yi na abinci ba. Maganar "ba ruwanki da tashin farashi" ta ɗakin ce kawai, ɗakin kuwa shi ne ƙaramin kaso na kuɗin tafiya ga wanda zai tashi daga Sakkwato.

A gidan da ke da manya biyu masu samu, in ɗaya ya yi tuntuɓe ɗaya ya tare. A haɗakar shanu ma, in shekara ta yi wa mutum tsanani, abokan haɗakarsa maƙwabtansa ne, tare suke sallar asuba. Zai je ya ce, "Malam, bana ku ɗauke mini harawa, in an yi kaka in biya da wake," a yi masa uzuri. Uwa ita kaɗai ba ta da na biyun da zai tare, kamfani kuma ba ya karɓar wake. Wata uku na rashin lafiya, ko jinkirin albashi, ya isa ya jawo tara da wasiƙun neman bashi.

Akwai kuma girman ɗaki. Yawancin ɗakunan an tsara su ne don mutum huɗu ko fiye, da 'yar kicin da falo. Gidan da ke da yara biyar, wanda da sai ya kama ɗaki biyu ko uku a otal, shi ke iya cin ribar wannan. Uwa da ɗa guda gado biyu ya ishe su a kowane otal. Sun biya huɗar gona mai faɗi alhali fegi ɗaya gare su.

Inda kwatancen nan ya rabu, a nan ne na yanke nawa hukuncin. Bijimin huɗa yana aiki yana ƙara nama. Da rani a ɗaura masa amalanke ya kai taki gona, ya ɗebo ƙasa ko ruwa, ya ciyar da kansa. Bayan shekara uku ko huɗu a kiwata shi a kai kara, sau da yawa a sayar fiye da yadda aka saya, a raba kuɗi, a sayi ƙanana. In haɗaka ta yi tsami, ranar kasuwa ɗaya ta raba gardama. Makon hutu ba shi da irin wannan kasuwa. Ranar da ka sa hannu darajarsa ta faɗi, domin babban kaso na kuɗin da ka biya na talla ne da la'adar dillalai. A Amurka ana samun masu sa makonsu a eBay kan dala ɗaya, ba don komai ba sai don su rabu da kuɗin shekara. Gaskiya ne kaɗan daga manyan, irin na Disney, suna riƙe wani abu na darajarsu in an zo sayarwa, amma su ne 'yan tsiraru. Saboda yawan kuka ne Tarayyar Turai ta yi doka a 2009 da ta ba mai saye kwana 14 ya janye ba tare da asara ba, ta kuma hana karɓar kuɗi a cikin kwanakin. A Afirka ta Kudu, inda harkar ta yi ƙarfi, hukumar kare masu saye ta buɗe bincike a 2017 bayan koke-koken mutanen da suka kasa fita daga yarjejeniyar da ba ta da ranar ƙarewa.

Sannan a dubi tsawon igiyar. Na Zamzam shekara 24 ne. Takardun farko na Disney sai 2042 za su ƙare. Yaron da ke da shekara takwas yau, nan da shekara bakwai jarrabawar fita sakandare ce a gabansa, kuma ba lallai ya so bin uwarsa wuri ɗaya karo na bakwai ba. Ita kanta uwar, a ƙasarmu bazawara mai sauran ƙuruciya ba ta cika zama haka ba, dangi ma ba za su bar ta ba. In ta yi aure, tafiya ta koma shawarar mutum biyu. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, uwa ce ta fi cancanta da riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji, amma in ta auri wanda ba muharramin yaron ba, riƙo kan koma hannun kaka ta wajen uwa. Ke nan wanda aka sayi makon dominsa yana iya kasancewa a wani gida, takardar biya kuwa tana zuwa da sunan uwa. In kuma akwai rabon maraya a cikin kuɗin, maganar ta wuce ta riba da asara. Amana ce da za a miƙa masa in ya yi hankali, kuma ban ga yadda za a miƙa masa takardar da ke cin kuɗi kowace shekara a ce ga gadonka ba.

Ba ina cewa kada a fita da yaro ba ne. Yaron Shagari da bai taɓa tsayawa a Sifawa ba, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ko bai shiga Hubbare ba, ko bai ga gidan tarihin Kanta a Argungu ba, yana da tafiye-tafiyen da kuɗin mota da 'yar guzuri za su ɗauka, a je a shekarar da ake da hali, a zauna a shekarar da babu. In Makka ce a zuciya, akwai adashin gata na aikin Hajji da hukumar alhazai ta ƙasa ta ƙaddamar tare da bankin Jaiz a Kano a 2020. Kuɗinki ne ke taruwa da sunanki, kuma watan da ba ki zuba ba babu mai bin ki bashi. In kuma ɗanɗana irin wancan masauki ake so, masu makonnin da suka kasa zuwa suna bayar da haya, sai a kama na shekara ɗaya a gani.

Wadda cinikin zai iya yi wa daidai tana nan, amma siffarta a ƙuntace take: tana samun kuɗinta da dala ko riyal, dama can kowace shekara wuri ɗaya take zuwa a lokaci ɗaya, za ta biya lakadan ba da bashi mai ruwa ba, za ta saya daga hannun wanda ya gaji da nasa a farashi mai sauƙi, kuma takardar tana da ranar ƙarewa a rubuce. Ko ita ɗin, kada ta sa hannu ranar da aka yi mata talla, komai rangwamen da aka ce zai ƙare da magariba. Ta karɓi takardar ta kai wa lauya, ta nemi a nuna mata a rubuce nawa kuɗin kula da gini yake shekara biyar da suka wuce da nawa yake bana, da kuma abin da zai faru da takardar in ta rasu yaron bai balaga ba.