Kowane Malami Da Mabuɗinsa

Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, saboda haka tilas makarantun ƙasar Gwarzo da Kabo su koya wa yara aiki da ita. Amma ran nan a wata makaranta na tarar malamai da almajirai duk da kalmar sirri guda suke shiga, har an rubuta ta a allo. Tambayoyin jarrabawa kuwa suna ciki!

Maganin wannan shi ne a keɓe kwamfuta guda ta riƙe sunan kowa da kalmarsa, kamar yadda Ma'aji ya kan riƙe littafin Baitulmali a zamanin En'e. Kowace mutum ya zauna a gabanta, sai ta tambayi waccan tukuna, sa'an nan ta buɗe masa iyakar abin da aka yarje masa. Active Directory na kamfanin Microsoft, wanda ya fito a 2000, shi ke wannan aiki. Samba kuwa tun 2012 tana yinsa kyauta. In an ɗauke malami daga Kabo zuwa Gwarzo, sau ɗaya za a soke sunansa, duk ƙofofi su rufe.

Sai dai lalle a tanadar wa uwar ɗakin batir, domin in ta mutu, baƙo ba shi da hanyar shiga.